Sarƙa Mai Haƙora da Horon Karen Farauta

Duk wanda ya tashi a ƙasar Gaya, ya saurari tsofaffi suna ba da labarin mutanen farko, ya san cewa tun fil azal sunan garin nan a haɗe yake da ƙarfe, domin masu riwaya sun ce a nan ne Bayajida ya ya da zango, maƙera suka ƙera masa wuƙar da ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu da ita a Daura, kuma daga nan ne aka ce Abagayawa suka tashi neman tama har suka sauka gindin Dala. Mutanen da suka gaji maƙera irin wannan gado ba sa bukatar a faɗa musu cewa ƙarfe bawa ne mai biyayya ga hannun da ya riƙe shi, shi ne garma a gona, shi ne kuma mari a ƙafar ɗaurarre. Saboda haka ya kyautu mu zauna mu duba wani ƙarfe baƙo da samarinmu suka fara gani a wayoyinsu da wajen masu sayar da karnukan Turai a birane, tun kafin ya zama ruwan dare a wuyan karnukanmu.

Wannan ƙarfe kuwa wata sarƙar wuya ce da ake harhaɗawa gaɓa gaɓa, kowace gaɓa tana da haƙora biyu lanƙwasassu masu fuskantar fatar kare, sa'an nan a ƙarshenta akwai wata 'yar gajeriyar sarƙa mai zobe inda ake maƙala igiya, ta yadda da zarar kare ya ja gaba, ko mai shi ya fizga baya, sai sarƙar ta tsuke, haƙoran su matse wuyan ta kowane gefe, in an sassauta su saki. Waɗanda suka fi shahara da ƙera ta su ne kamfanin Herm Sprenger na garin Isalon a Jamus, wanda aka kafa a 1872, kuma da ma sananne ne wajen ƙera linzami da ƙaimi. Kada mai karatu ya rikita ta da wata sarƙar da makiyayan Turkiyya suke sa wa manyan karnukansu, wadda tsinayenta waje suke kallo domin su kare maƙogwaron kare daga haƙoran kyarkeci. Waccan garkuwa ce ga wanda ya sa ta, wannan kuwa bulala ce a kansa.

Adalci ya wajabta mu kawo hujjar masu amfani da ita yadda suke kawo ta. Suna cewa tsukewarta tana da iyaka, ba kamar zarge ba wanda yake ci gaba da shaƙewa muddin ana ja. Suna cewa matsin yana rarrabuwa a kewayen wuya maimakon ya taru a kan maƙogwaro. Suna kuma cewa mutum mai rauni, tsoho ko mace, yana iya riƙe ƙaton kare da ita ba tare da ya kayar da shi ba. Amma su da kansu sun gindaya mata sharuɗɗa masu yawa: a ɗaura ta can sama bayan kunnuwa, kada ta yi sako-sako, bakin haƙoran ya zama dasasshe mai santsi, kada a sa wa kwikwiyo, kada a ɗaure kare da ita a turke, kada kuma a bar ta a wuyansa bayan an gama darasi. Mai hankali kuwa, in ya ga an kewaye abu da sharuɗɗa har haka, ya san haɗarinsa ne ya jawo su, kuma ya san cewa wadda ake sayarwa da araha, mai kaifin baki kamar an datse waya, a hannun yaron da bai taɓa jin sharaɗi ɗaya ba, wani abu ne dabam.

Likitocin dabbobi da yawa ba su gamsu da waccan hujja ba, kuma dalilinsu a fili yake, domin wuyan kare, duk da gashin da ya rufe shi, nan ne hanyar numfashi da ta abinci suka bi, nan ne jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa suka ratsa, kuma an tabbatar cewa matsa wuya yana ƙara matsin ruwan da ke cikin ido. Fizga mai ƙarfi tana iya huda fata ko ƙuje ta, rauni kuwa a ƙasa mai zafi da ƙuda irin tamu, musamman da damina, ba ya daɗewa sai ya zama gyambo mai tsutsa a ƙarƙashin gashi, mai shi bai sani ba sai wari ya sanar da shi. Wannan ne ya sa ƙasashe irin su Ostiriya da Suwizalan suka haramta ta, Ostireliya ta hana shigo da ita, ita kanta Jamus inda ake ƙera ta ta hana horar da kare da ita tun daga 1 ga Janairu, 2022.

Sai dai cutar da ta fi ta jiki girma ita ce ta ɗabi'a, domin kare ba ya nazarin illa da ma'aluli kamar ɗalibin manɗiƙi, abin da kawai yake yi shi ne ya haɗa zafin da ya ji da abin da idonsa yake kai a lokacin da ya ji shi. Idan ya hango yaro ɗauke da tallan ƙosai ya nufe shi da murna, aka fizge shi haƙora suka cije shi, aka maimaita haka yau da gobe, to, la'alla abin da zai hardace shi ne ganin yaro yana zuwa da azaba. Sai ya daina ja, mai shi ya yi zaton ya horu, alhali kuwa tsoro ne ya kwanta masa a ciki, ranar da igiya ta tsinke kuma yaron maƙwabci ne zai biya bashin. Karen da aka hana gurnani ta hanyar ciwo ya rasa harshen gargaɗinsa, sai ya koma cizo ba sallama.

A nan ne ya kamata mu koma ga abin da magabata suka bar mana, domin shari'a ta riga kowa magana a kan horon kare. A farkon Suratul Ma'ida an halatta cin abin da horarriyar dabbar farauta ta kamo, fuƙaha'u kuma suka bayyana alamar horarren kare da cewa shi ne wanda in an sake shi ya tafi, in an tsawata masa ya tsaya; wasu mazhabobi suka ƙara sharaɗin kada ya ci daga abin da ya kama, ko da yake Malikiyya ba su sharɗanta haka ba. To, a lura da kyau: wannan jarrabawa duk a sake ake yin ta, kare yana can cikin sabara da geza ya yi nisa da hannun ubangidansa, babu igiya balle sarƙa. Ƙarfen da ikonsa bai wuce tsawon igiya ba, yaya zai samar da biyayyar da ake nema a inda igiya ba ta kaiwa?

Akwai kuma hadisi ingantacce, wanda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika a wata tafiya a tsinke tsarkiyar baka da ake rataya wa raƙuma a wuya. Malik ya fassara hanin da cewa saboda camfin kambun baka ne, amma wasu malamai sun ce illar ita ce tsoron kada tsarkiyar ta shaƙe dabbar in ta yi gudu ko ta sarƙe da itace. Wanda ya haɗa wannan da labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, da na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, zai gane cewa izinin da aka ba mu na riƙon kare domin farauta ko tsaron gona da dabbobi amana ce, ba a haɗa mana da izinin azabtarwa ba.

Tsofaffin mafarautanmu, daga Kademi har Toranke da Balare, waɗanda suke fita da rani bayan an kawar da amfanin gona, da kere da gora da karnuka a gaba, ba su san wannan sarƙa ba, amma karnukansu suna rarrabe fiton ubangidansu a cikin taron mutane da kiɗa da ƙura. Sirrin ba wani ɓoyayyen asiri ba ne: tun kare yana kwikwiyo hannu ɗaya yake ba shi tuwo, murya ɗaya take kiran sunansa, ana haɗa shi da tsohon kare ya ga yadda ake bin sawun zomo da gafiya, in ya yi daidai a shafa kansa a jefa masa rabonsa nan take. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma abin da masana horon dabbobi na zamani suke kira horo da lada, wato a saka wa kare a daidai lokacin da ya yi abin da ake so, shi ne dai abin da waɗannan dattawa suke yi ba tare da sun ba shi suna ba. Ba mu ce dukkansu tsarkaka ne daga duka da jifa ba, amma su ma sun san karen da aka cika duka ba ya shiga rami da zuciya ɗaya.

Wanda karensa yake jan igiya, to, ya samo masa faffaɗan abin wuya na fata, irin wanda kowane baduku zai ɗinka, mai sararin da yatsu biyu za su shige, ko kuwa ɗamara mai kama ƙirji da kafaɗu ta bar wuya. In kare ya ja sai ya tsaya cik, in igiya ta yi sako-sako sai ya ci gaba ya kuma ba shi ɗan abin taɓawa, har karen ya fahimci cewa ja ba ya kai shi ko'ina. Ya kuma kai shi wurin malaman dabbobi a yi masa allurar rigakafin haukan kare kowace shekara, wadda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, kusa da Jos, tana cikin masu sarrafa ta, domin wannan ita ce kariyar da ta fi kowace sarƙa amfani ga yaran unguwa. Aiki ne na makonni, wani lokaci na watanni, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya.

Mahayan dawakinmu sun daɗe da sanin cewa linzami mai kaifi a hannun gwani da ƙyar doki yake jin sa, a hannun ɗan koyo kuwa sai ka ga kumfa da jini, kuma gwanin da hannunsa ya kai wannan laushi da ragama ma zai iya tafiyar da dokinsa. Haka al'amarin wannan sarƙa yake: wanda ya ƙware har ya iya amfani da ita ba cutarwa, yawanci ya wadatu daga gare ta, wanda kuma yake ganin ba shi da mafita sai ita, shi ne aka fi jin tsoronta a hannunsa. In wata rana wani saurayi ya kawo hotonta maƙera ya ce a ƙera masa irinta, muna fata jikan maƙeran Gaya zai tambaye shi tukuna ko karen nasa ya san sunansa.