Abin da Ya Sa Na'ura Ke Neman -fPIC

'Yan'uwana ɗalibai, akwai wata taskar umarni a Linux wadda manhajoji da yawa ke aro tare, sunanta yakan ƙare da .so. Tun da yake ta aro ce, ba ta da mazauni tsayayye cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta. Inda aka sami fili nan a kan sauke ta, kamar baƙuwar mota a tashar Potiskum.

To, a tsofaffin injuna masu bit 32, ko an rubuta adireshi tsayayye a cikinta, a kan gyara shi sa'ad da ake loda ta. Amma da AMD ta fito da Opteron mai bit 64 a 2003, adireshi ya ƙara tsawo, gurbin dā ya kāsa ɗaukarsa. Shi ya sa mai haɗawa, watau ld, yakan tsaya cik, ya ce a sake da -fPIC. Wannan kalma tana sa gcc ya ƙidaya adireshi daga inda umarnin yake tsaye, ko'ina aka ajiye shi.

Sai dai fa a fara da make clean. Tsohon fayil .o guda ɗaya tak, ko taskar .a da aka manta, ya isa ya dawo da kuskuren.