Tafarnuwa: abubuwan mamaki bakwai daga Adjamé zuwa tukunya

Black Market ta Adjamé, a Abijan, da wayoyi da kayan lantarki aka san ta. Amma ba nisa da ita akwai kasuwannin cefane, inda 'yan Nijar ke hada-hadar albasar Galmi, ga tafarnuwa jibge a gefe, kamar yadda ake samunta a kasuwar Treichville. Uwargida, kafin ki jefa ta turmi:

1. Baƙuwa ce. Farar nan mai manyan ƙwayoyi galibi daga Sin take, ƙasar da ke noma wajen kashi 70 cikin 100 na tafarnuwar duniya. Tamu ta Sakkwato da lambunan Agadas ƙanana ce, amma ta fi kaifi.

2. Lafiyayya ba ta wari. Sai an yanka ko an daka sinadaranta biyu ke haɗuwa su haifi alisin, mai warin da yajin. A 1944 masana a Amurka suka fara ware shi.

3. Ba ta son gaggawa. Wuta na kashe sinadarin da ke haɗa alisin. In kin daka, bar ta minti 10 kafin ta shiga tukunya.

4. Saurin ƙonewa gare ta. Da ta yi duhu a mai, miya ta yi ɗaci. Albasa a gaba, tafarnuwa a baya.

5. Tana sauya launi. In kin cuɗa kifin acheke da ita da lemon tsami, tana iya komawa kore ko shuɗi. Ba guba ba ne. A arewacin Sin da gangan ake jiƙa ta don ta yi koren.

6. Asuwaki ba ya gamawa da warinta. Jini yake bi, ya fita ta numfashi da gumi. Madara, tuffa ko na'a-na'a na rage shi. Hadisi ya hana wanda ya ci ɗanyarta kusantar masallaci, Sayyidina Umar kuma ya ce a kashe warin da dahuwa.

7. Har Fir'auna ya yi guzurinta. An same ta a kabarin Tutankamun da aka gano a Masar a 1922.

Gargaɗi ɗaya: dakakkiyar tafarnuwa cikin mai, in aka bar ta a zafin ɗaki, tana iya haifar da guba mai shanye jiki, ba tare da wari ko launi ya sauya ba. A sa ta a firiji, a cinye cikin kwana 4.