Ina Leda Take Zuwa In Ta Ɓace?

Wani manomi daga Zangon Daura ya aiko da tambaya, ya ce takin juji da yake kai wa gona cike yake da leda, amma bayan damina biyu ba ya ganinta. Shin ruɓewa take yi?

To Malam, ba ta ruɓewa. Rana ce ke cinta, ta marmashe, ta shige ƙasa.

Wani masani, Farfesa Richard Thompson na Jami'ar Plymouth a Ingila, ya yi irin wannan tambaya taka game da robar da ke shiga teku. A 2004 shi da abokan aikinsa suka nuna cewa yashin gaɓar teku da ruwan kansa suna ɗauke da ɓarɓashin roba, wani ma sai da madubin likita ake ganinsa. A wani bincike da suka wallafa a 2013, sun feɗe kifi 504, suka tarar da roba a cikin fiye da kashi ɗaya bisa uku. Irin wannan bincike ya taimaka har Ingila ta hana zuba ƙwayoyin roba cikin sabulun wanke fuska a 2018.

Zango ta yi nisa da teku, amma ai ka tambayi mahauta. Sau da yawa akuyar da ke ramewa ga abinci a gabanta, in an yanka sai a tarar leda ta cushe tumbi.

Saboda haka a tsince leda kafin a loda taki a amalanke. Kada a ƙona ta, hayaƙinta guba ne. Ranar kasuwa kuwa a riƙe jakar kaba.

Da fatan ka gamsu. Allah ya ba da damina mai albarka.