Irin tonka da tattasai: tun daga fure ake tsaron shi



Bara, a wani lambu na Gulbin Kaba, wani manomi ya kira ni in duba tattasai nashi. Fangali 12 ya dasa. Wata 4 yana jan ruwa da guga, safe da maraice. Da ƴaƴan suka nuna, wasu manya, wasu sirara, wasu gajeru, kuma da yawa suna da yaji kamar tonka. Ɗan kasuwa ya zo ya duba, ya ce wannan ba tattasai ba ne, ba tonka ba ne, ya karya mishi kuɗi. Manomin yana zargin ƙasa, wai ta gaji. Na tambaye shi inda ya samo irin. Ya ce cikin lambun nan ya ɗiba bara waccan. Na tambaye shi abin da maƙwabcinshi ya dasa a lokacin. Ya ce tonka, kuma fangalinsu suna manne da juna.

Ƙasa ba ta da laifi. Irin ne ya gauraya tun yana fure. Abin da ya sami wannan bawan Allah yana iya samun kowa, musamman a wuraren noman rani. Tun bayan farin 1984, da gwamnatin Seyni Kunce ta ƙarfafa noman rani, manoma da yawa suna aiki cikin shinge guda, kowa da abin da ya dasa. Saboda haka ka karanta wannan bayani da kyau.

KA FARA SANIN ABIN DA KA DASA

Asalin waɗannan tsirrai duka daga nahiyar Amurka yake. Turawan Fotugal ne suka yaɗa su zuwa Afirka bayan shekarar 1500. Sunayensu suna sakewa daga gari zuwa gari: abin da muke ce wa tonka, a Kano barkono ake ce mishi, tugande kuma attarugu. Suna yana iya ruɗa ka, amma fure ba ya ƙarya. Ka durƙusa ka duba gaɓa, wato inda reshe ya rabu biyu. Nan fure yake fitowa. Gida 3 ne.

Gida na farko: tattasai da tonka mai tsawo. Fure ɗaya ne a kowace gaɓa, fari fes. Tattasai babba ne, mai kaurin fata, yajinshi kaɗan ko babu. Shi ne wanda mutanen Difa suke nomawa da yawa a bakin kogin Komadugu, ana busar da shi ana kai wa Nijeriya. Tonka siriri ne, mai tsini, mai yaji. Ko da ba su yi kama ba, ƴan gida ɗaya ne, kamar wa da ƙane. Shi ya sa suke saurin gauraya.

Gida na biyu: tugande. Fure 2 ko 3 ne a gaɓa ɗaya, farinsu da ɗan kore-kore. Ganyen yana da faɗi, da ɗan tamoji. Ɗan yana da ƙundume, a lanƙwashe, da ƙamshi mai ƙarfi. In ka duba inda hancin ya kama ɗan, za ka ga wuya a shaƙe kamar an ɗaure shi da zare.

Gida na uku: tsiduhu. Ƴaƴan ƙanana ne ƙwarai, suna tsaye suna kallon sama, yajinsu ya fi girmansu. Furen kore-kore ne. In ɗan ya nuna, da ka taɓa shi sai ya rabu da hanci. Tsiduhu da tugande suna gauraya da juna cikin sauƙi. Wani lokaci ma suna gauraya da ƴan gida na farko.

YADDA IRI YAKE GAURAYA

Cikin kowane fure akwai namiji da mace tare. Namijin yana sakin wani gari mai laushi, garin ya faɗa kan macen, sai ɗa ya ƙullu. Fure ɗaya yana iya yin wannan shi kaɗai, ba ya bukatar taimako. Amma ƙudan zuma da sauran ƙwari suna yawo daga fure zuwa fure, garin yana maƙale a jikinsu. Ƙudan da ya tashi daga tonkar maƙwabci ya sauka kan tattasanka, ya kawo maka uban da ba ka zaɓa ba.

Ga abin da yake ruɗa mutane. Ɗan da ya fito a shekarar nan ba ya sakewa. Tattasai ne sosai, ga girma, ga ɗanɗano. Gaurayar tana ɓoye cikin ƙwayar iri. Sai ka shuka baɗi za ka gan ta. Kuma yaji ya fi ƙarfin rashin yaji: in tonka ta hau tattasai, ƴaƴan da za su biyo baya masu yaji ne. In ka sake ɗibar iri daga cikinsu, shekara ta gaba kowane gindi da kamarshi.

Don haka, kyan ɗa a ido bai isa shaida ba. Wanda ya sayi busasshen tattasai a kasuwar Tasawa ko ta Mayahi ya fasa ya shuka, bai san uwa ba, bai san uba ba. Buhu ɗaya yana iya ƙunsar amfanin lambu 5.

Haka kuma irin da ake sayarwa cikin leda ko gwangwani. Ka duba rubutun jikinshi. In ka ga an rubuta F1, wannan iri ne da masana suka haɗa uwa da uba daban. Yana bada amfani mai kyau a shuka ta farko. Amma in ka ɗebi iri daga ƴaƴanshi, ba za su yi kama da shi ba. Irin F1 kowace shekara sai an sayi sabo.

YADDA ZA KA TSARE IRINKA

Dabara ta farko ita ce nisa. Masu noman iri don sayarwa suna barin mita 200 zuwa 400 tsakanin wani iri da wani. A lambunanmu samun wannan fili da wuya. Amma in duk masu shinge ɗaya suka shawarta, suka dasa iri guda, ko suka ware fangalin iri can nesa da sauran, an rage ɓarna.

Dabara ta biyu ta fi sauƙi, kuma kowa yana iya yin ta: tsohon gidan sauro. Ga yadda ake yi.

1. Ka zaɓi gindi 10 ko fiye, masu lafiya, masu yawan ƴaƴa, waɗanda suka yi kama da irin da kake so. Kada ka dogara ga gindi ɗaya, don kada irin ya yi rauni da tafiyar shekaru.

2. Ka bar duk gindin da ganyenshi ya nannaɗe, ko ya yi dabbare-dabbare, ko ya yi ɗigon baƙi. Wasu cututtuka suna bin iri su shiga shukar baɗi.

3. Ka tsinke furen da ya riga ya buɗe da ƙananan ƴaƴan da ke jikin gindin. Ba ka san wanda ya ziyarce su ba. Ka bar toho kawai.

4. Ka kafa sanduna 4, ka lulluɓe gindin da gidan sauro, ka danne bakin da ƙasa. In yana da huda, a ɗinke. In gidan sauron bai isa ba, ka yanka shi ƙanana, ka ɗaure reshe ɗaya-ɗaya.

5. Kowace safiya ka ɗan girgiza gindin, don garin ya faɗa kan macen.

6. In ƴaƴa sun ƙullu, ka ɗaura wa kowane jan zare a hanci, sannan ka buɗe. Ka gaya wa iyali da yara cewa mai jan zare ba na miya ba ne, ba na kasuwa ba ne.

Ka yi wannan aiki da sanyi, cikin Disamba da Janairu. In bazara ta shigo, zafi yana zubar da fure.

CIRE IRI DA AJIYE SHI

Ka bari ɗan ya nuna sosai a kan uwarshi, ya yi ja ko'ina. Irin ɗanyen tattasai ba ya tsira da kyau. Ka tsaga shi da wuƙa, ka kankare ƙwayar a kan faifai. In tonka ce ko tugande, kada ka taɓa ido sai ka wanke hannu da sabulu. Ka zubar da ƙwayar da ta yi baƙi ko ta shanye.

Ka shanya a inuwa, inda iska ke ratsawa, kwana 7 ko fiye. Kada ka shanya a kan kwano cikin rana, zafin yana kashe iri. In ka lanƙwasa ƙwaya ta karye, ta bushe. In ta lanƙwashe kawai, da saura.

Ka zuba cikin kwalba busasshiya mai murfi, tare da ɗan ƙullin toka cikin tsumma don ta tsotse laima. Ka ajiye cikin ɗaki, wuri mai sanyi da duhu. Kowane iri da kwalbarshi. Nan ne karatun da ka yi a ajin yaƙi da jahilci zai yi maka rana: ka rubuta sunan irin, da sunan lambun, da shekara, ka manna a jikin kwalbar. Irin da ya bushe da kyau yana kai shekara 2 zuwa 3. Kuma ba ya bukatar yawa: giram ɗaya yana da ƙwaya fiye da 100.

Kafin ka zuba iri a fangalin reno, ka gwada shi. Ka ƙirga ƙwaya 20, ka nannaɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma, ka riƙa yayyafa ruwa. Bayan sati 2 ka buɗe. Tugande ya fi nawa, ka ba shi sati 3. In 15 ko fiye sun tsira, irin yana da kyau. In ba su kai 10 ba, ka nemi wani tun da wuri, kada lokacin dashe ya wuce ka.

Manomin nan na Gulbin Kaba ya samo iri daga wani tsoho da lambunshi yake can shi kaɗai, ya kuma lulluɓe gindi 10 bana. Kai ma ka gwada. In kana da tambaya, ka nemi malamin gona na yankinku, ko a Maijirgi kake, ko Korgom, ko Kanambakashe. Kuma ka karanta wa maƙwabcinka wannan takarda, don ƙudan zuma bai san iyakar fangali ba.

Allah ya ba mu albarkar noma.