BABI NA UKU: BABAKERE A KASUWA DA MATAKAN GWAMNATI, MISALIN KAMFANIN STANDARD OIL

3.0 Gabatarwa

A wannan babi an yi ƙoƙarin bayyana ma'anar babakere a harkar kasuwanci, da hanyoyin da yake bi ya kafu, da kuma matakan da gwamnati kan ɗauka domin daƙile shi. An zaɓi kamfanin man fetur na Standard Oil da ke ƙasar Amurka a matsayin misali, saboda shari'arsa na cikin waɗanda suka zama ginshiƙi a wannan fage.

3.1 Ma'anar Babakere

Abin da ake nufi da babakere a nan shi ne, mutum ɗaya ko kamfani ɗaya ya mamaye sayar da wata haja ko gudanar da wata hidima, ta yadda mai saye ba shi da wani wurin zuwa. A tsarin kasuwa mai 'yanci, gasa ce ke tsare farashi, domin idan ɗan kasuwa ya tsawwala, mai saye zai koma wajen maƙwabcinsa. Da zarar gasa ta mutu, mai babakere kan ci karensa ba babbaka. Yana iya rage yawan kaya don farashi ya hau, yana iya sakaci da inganci, kuma yana iya karya farashin abin da yake saye daga hannun ƙananan masu samarwa.

3.2 Yadda Standard Oil Ya Mamaye Kasuwa

An haƙa rijiyar mai ta farko ta kasuwanci a Amurka a 1859, a jihar Pennsylvania. A wancan zamani kananzir ne babban abin da ake nema daga ɗanyen mai, don kunna fitila. A 1870 John D. Rockefeller da abokan hulɗarsa suka kafa Standard Oil a birnin Cleveland na jihar Ohio. Kamfanin ya bi hanyoyi uku wajen danne abokan gasa.

Ta farko ita ce rangwamen sufuri. Saboda yawan man da yake aikawa, ya sa kamfanonin jiragen ƙasa suna yi masa ragi a asirce, alhali sauran matatu na biyan cikakken kuɗi. Ta biyu ita ce karya farashi a garin da wani ke gogayya da shi, har sai wancan ya durƙushe. Ta uku ita ce saye matatu da bututun mai. A 1872 kaɗai ya saye matatu 22 daga cikin 26 da ke Cleveland. Wajajen 1880 kimanin kashi 90 cikin 100 na man da ake tacewa a Amurka yana ƙarƙashinsa.

A 1882 aka ƙulla wani tsari inda masu hannun jari a kamfanoni daban-daban suka damƙa hannayen jarinsu ga amintattu tara. A ido kamfanonin a rarrabe suke, amma a ɓoye baki ɗaya ne ke ba su umarni.

3.3 Matakan da Gwamnati ta Ɗauka

Koke-koken manoma da ƙananan 'yan kasuwa sun sa Majalisar Amurka ta zartar da Dokar Sherman a 1890, wadda aka raɗa wa sunan Sanata John Sherman na Ohio. Sashe na farko ya haramta haɗa baki don tauye ciniki, sashe na biyu kuwa ya haramta yin babakere ko yunƙurin yin sa. Sai dai kafa doka daban, aiwatar da ita daban. A 1892 Kotun Ƙolin Ohio ta yanke hukunci a kan tsarin amintattun, amma a 1899 masu kamfanin suka sake haɗe dukiyar a ƙarƙashin kamfani guda a jihar New Jersey, wadda dokokinta suka yarda da hakan.

Rubuce-rubucen 'yar jarida Ida Tarbell, waɗanda suka fito a littafi a 1904, sun tona asirin rangwamen ɓoye, suka kuma harzuƙa jama'a. A 1906, zamanin Shugaba Theodore Roosevelt, gwamnatin tarayya ta shigar da ƙara. Ranar 15 ga Mayu, 1911, Kotun Ƙolin Amurka ta ba da umarnin a tsinka kamfanin zuwa kamfanoni 34. Kotun ta bayyana cewa girma kawai ba laifi ba ne, abin da doka ta hana shi ne tauye ciniki ta hanyar da ba ta dace ba. A 1914 aka ƙara da Dokar Clayton, wadda ta hana haɗewar kamfanoni idan za ta raunana gasa sosai, aka kuma kafa Hukumar Ciniki ta Tarayya don sa ido.

3.4 Saɓanin Ra'ayi

Masana ba su haɗu a kan ra'ayi ɗaya ba game da wannan hukunci. Wasu na ganin kamfanin ya bunƙasa ne saboda iya tattali, suna kafa hujja da cewa farashin kananzir ya sauka a zamaninsa, kuma rinjayensa ya riga ya ragu kafin 1911 bayan samun mai a jihohi irin su Texas. Wasu kuwa na ganin sauƙin da ya rataya a kan son ran mutum ɗaya ba abin dogaro ba ne, domin wanda ya kashe gasa yau, gobe shi ke yanka farashi. Abin lura shi ne, tsinkawar ba ta taɓa dukiyar Rockefeller ba, sai ma ƙaruwa da ta yi, tun da ya samu kaso a kowane sabon kamfani. Har ila yau, Exxon da Mobil, waɗanda duk daga Standard Oil suka fito, sun sake haɗewa a 1999.

3.5 Sauran Hanyoyin Gyara

Ba kowane babakere ake tsinkawa ba. A hidimomi irin su ruwan famfo da layukan rarraba wutar lantarki, shimfiɗa bututu biyu ko turaku biyu a unguwa ɗaya ɓarnar dukiya ce. A nan gwamnati kan bar kamfani ɗaya, amma ta kafa hukuma mai ƙayyade farashi. Wata hanyar kuma ita ce buɗe ƙofa ga sababbin kamfanoni, kamar yadda Nijeriya ta yi a 2001 da ta ba da lasisin wayar salula, abin da ya kawo ƙarshen rinjayen NITEL. Dokar gasa da kare masu saye ta 2018, wadda aka sanya wa hannu a 2019, ta haramta haɗa baki kan farashi, ta kuma tanadi binciken haɗewar manyan kamfanoni kafin a amince.

3.6 Naɗewa

A wannan babi an ga yadda Standard Oil ya mamaye kasuwa cikin shekara goma, amma aka ɗauki shekara 21 daga kafa Dokar Sherman kafin a tsinka shi. Matatun da suka rufe a tsakani kuwa ba su dawo ba. Wannan ne ya sa dokokin baya suka karkata ga rigakafi, wato binciken haɗewa tun kafin ta auku. Babi na gaba zai duba yadda hukumomin sa ido ke gudanar da wannan bincike.