CIWON SUGA: Ku Koyi Awon Jininku Da Kanku



Masu ciwon suga da suke zuwa wajenmu kashi biyu ne. Akwai wanda da ka tambaye shi zai ce maka "Malam, da safe 140 na samu, jiya na ci tuwon shinkafa da dare." Akwai kuma wanda zai ce "an dai ce ina da suga." Na biyun nan kullum a tsorace yake, yau ya daina cin abinci, gobe ya sha kwalbar da wani ya sayar masa a tasha. Na farkon hankalinsa a kwance, domin ya san abin da ke ɗaga sugansa da abin da ke saukar da shi.

To ga lambobin da ya kamata kowane gida ya haddace. Awon safe kafin a ci komai, ga mai ciwon, ana so ya tsaya tsakanin 80 da 130. Idan ya yi ƙasa da 70, suga ya faɗi: rawar jiki, gumi, yunwa, jiri, bugun zuciya. Nan take a ba shi cokali uku na sukari a ruwa, ko rabin kofin lemon kwalba, a sake awo bayan minti 15. Idan ya suma kada a ɗura masa komai, a kai shi asibiti. Uwargida da manyan yara ma su san wannan, don wanda sugansa ya faɗi sau da yawa ba ya iya taimakon kansa.

Batun azumi shi ne inda ilimi yake nuna amfaninsa. Wani babban bincike a ƙasashe 13, wanda aka buga a 2004, ya gano cewa mummunar faɗuwar suga tana ninkawa kusan sau 7 da rabi a Ramadan ga masu nau'i na biyu na ciwon. A Landan kuma an koyar da wasu Musulmi yadda za su ci abinci da shan magani kafin watan ya kama, sai faɗuwar suga ta ragu a cikinsu, ta ƙaru a cikin waɗanda ba a koyar ba. Huda yatsa don awo ba ya karya azumi. Idan awo ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300, a sha ruwa. Allah ya yi wa majinyaci rangwame a Suratul Baƙara.

Yanzu sana'armu. Zogale, shuwaka da habbatus sauda muna ba da su, amma wallahi ba sa maye gurbin metformin ko allurar insulin. Mai shan glibenclamide ya faɗa wa likitansa kafin ya haɗa da sassaƙe, don suga na iya faɗuwa da yawa. Zuma da dabino kuwa, duk da falalarsu, suna ɗaga suga. Dabino ɗaya ko biyu a buɗa baki ya isa.

Sai ƙafa. Ciwon yana kashe jijiyoyinta har mutum ya taka ƙaya bai ji ba. A duba ta kullum, a goge tsakanin yatsu bayan alwala, kada a taka ƙasa babu takalmi ko da zuwa masallacin ƙofar gida ne. Gyambon da ya kwana biyu bai fara warkewa ba, a nuna wa likita.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.