Gajeriyar Tafiya Ita Ke Cin Inji: Bayani Ga Masu Mota Da Babur

A ƙauyukanmu na Dawaki da sauran karkarar Rano da Kibiya, mota ɗaya ko babur biyu zuwa uku ne ke ɗauke da nauyin jama'a da yawa. Su ke kai mai naƙuda asibitin Rano da tsakar dare, su ke kawo taki, su ke fitar da hatsi zuwa kasuwa. Ranar da injin ya ƙi tashi, ba mai shi kaɗai ke shiga uku ba. Shi ya sa muka ga ya dace mu yi magana a kan wani kuka da muke yawan ji daga bakin dattawan ikilisiya da masu babur: "Motar nan ba ta zuwa ko'ina, daga gida sai majami'a, sai gona, amma ga ta tana hayaƙi tana shan baƙin mai."

Amsar tana cikin kukan. Rashin zuwa ko'inan ne ya jawo.

Me ake nufi da inji mai sanyi?

Idan an ce sanyi, hankalinmu yakan tafi ga asubahin Disamba da Janairu, lokacin da ma'aunin zafi a ƙasar Kano ke sauka kusa da digiri 12 ko 13. Amma sanyin mutum daban, na inji daban. An ƙera injin mota ne don ya yi aiki ruwan cikinsa yana wajen digiri 90. Saboda haka ko a safiyar watan Afrilu, da muke kwana a tsakar gida don zafi, injin da ya kwana a kashe mai sanyi ne, domin da sauran digiri 60 ko fiye kafin ya kai inda yake so. Hunturu ƙara tsawon hanyar kawai yake yi. Ba mu da ƙanƙara irin ta Turai da ke sa mai ya daskare, gaskiya ne, amma wannan bai fid da mu ba.

Ruwan lagireto yakan ɗau minti biyar zuwa goma ana tafiya kafin ya yi zafi. Baƙin mai ya fi shi nawa, sai ya kai minti goma sha biyar ko ashirin. Ku lura da wannan, domin allurar da ke gaban direba zafin ruwa take nunawa, ba na mai ba.

Abin da ke faruwa a mintunan farko

Da daddare man ya gangara ya taru a kaskon da ke ƙasan inji. Abin da ya rage a jikin ƙarafa ɗan shafe ne kawai. Da an murɗa makulli, sai famfon mai ya ɗau 'yan daƙiƙoƙi kafin ya tura shi zuwa saman inji, kuma man da ya yi sanyi kauri gare shi, ba ya gudu da sauri. Ƙarar kaf-kaf ɗin da wasu injuna ke yi da safe, ta ɓace bayan ɗan lokaci, yawanci ke nan. Wanda ya taka totur da ƙarfi a wannan lokaci yana goga ƙarfe da ƙarfe ne da hannunsa.

Ƙarafan kansu ba su zauna daidai ba tukuna. Fistin da alminiyom ake yinsa, kuma alminiyom ya fi baƙin ƙarfe buɗewa idan ya ji zafi. Masu ƙira sun bar masa wuri don wannan. Kafin ya yi zafi yana ɗan lilo a cikin silinda, zobbansa ba sa toshe hanya sosai.

Sai batun fetur, wanda a ganinmu shi ne aka fi jahilta. Fetur ba ya kamawa sai ya zama tururi, kuma a cikin inji mai sanyi ba ya zama tururi da kyau. Don haka ake ƙara masa yawa. A babur da tsofaffin motoci masu kafireto, aikin cok ke nan. A sababbi kwamfutar motar ce ke yi da kanta. Rarar da ba ta ƙone ba sai ta manne a bangon silinda ta wanke man da ke wurin, kamar yadda bakanike ke wanke hannunsa da fetur. Wani kuma ya sulale ta gefen zobba ya faɗa cikin kasko, ya tsinka baƙin mai. Tsinkakken mai ba ya iya raba ƙarafa.

Ga kuma ruwa. Mutane da yawa sukan yi mamaki idan muka ce duk lita ɗaya ta fetur da ta ƙone tana haifar da ruwa kusan lita ɗaya. Haka ne. Idan injin ya yi zafi, ruwan tururi ne, yana fita ta salansa ba a gani. Idan da sanyi, sai ya yi raɓa a jikin ƙarfe kamar yadda murfin tukunya ke yin gumi. Ɗigon da kuke gani a bakin salansa da safe shi ne. Wanda ya tsaya a ciki yakan haɗu da ƙazantar hayaƙi ya zama ruwa mai cin ƙarfe, ya kuma cakuɗa da mai ya zama baƙin kunu mai toshe ƙananan hanyoyin mai.

Duk wannan yana da magani ɗaya, wato zafi. Idan aka yi tafiya mai ɗan nisa, man ya yi zafi sosai, fetur da ruwan da suka shiga sai su ƙafe su fita. Amma motar da aka tayar aka yi kilomita biyu aka kashe, bayan sujada aka sake tayarwa aka dawo, ta tara ƙazanta sau biyu ba ta zubar ko sau ɗaya ba. Sati bayan sati haka. Direban da ke jigila tsakanin Rano da Kano ya fi ta nisan tafiya nesa ba kusa ba, amma sau ɗaya injinsa ke tashi da sanyi a yini, sauran aikin duk da zafinsa yake yi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 fetur ya yi tsada, mutane suka rage doguwar tafiya, sai abin ya ƙaru.

Batir ma yana shan wahala, don wutar da aka ja wajen tayarwa ba ta samun lokacin komawa. Fulogi yakan yi baƙi, salansa ta ruɓe daga ciki.

Maganar tamostat

A nan za mu ɗan daɗe, domin ya shafi kusan kowace motar Kwatano da ke hannunmu. Tsakanin inji da lagireto akwai wata 'yar ƙofa ta ƙarfe da ake kira tamostat. Idan injin yana da sanyi tana rufe, ruwa ba ya zuwa lagireto, sai ya yi saurin ɗumi. Idan ya kai wajen digiri 80 zuwa 90 sai ta buɗe da kanta. Al'ada ce a garejojin ƙasar nan a cire ta a jefar, a ce ai don ƙasar sanyi aka yi ta. Wasu har su haɗa fanka kai tsaye, tana juyawa daga tayarwa har kashewa. Mai mota ya ga allura a ƙasa, ya ji daɗi, ya ce motarsa ba ta zafi.

Ba mu yarda da wannan ba. Injin da aka cire wa tamostat yakan daɗe ƙwarai bai yi ɗumi ba, a safiyar hunturu ma wani lokaci ba ya kaiwa sam. Kwamfuta tana ganin sanyi, tana ta ƙara fetur. Ke nan an mai da tafiya mai nisa ta zama kamar gajeriya, ga asarar mai a kai. Muna sane da dalilin bakanike: tamostat idan ta tsufa takan maƙale a rufe, injin ya tafasa, a zo a kama shi da faɗa. Amma maganin wannan a sa sabuwa. Ana samunta a Ƙofar Ruwa a Kano, kuma kuɗinta bai kama ƙafar kuɗin sauke inji ba. Idan mota tana tafasa alhali tamostat ɗinta lafiya, a duba lagireto ko ya toshe, a duba fanka da famfon ruwa da murfin lagireto. Allura a tsakiya ita ce lafiya.

To, yaya za a yi?

Kada a ce za a bar mota a tsaye tana aiki minti goma sha biyar don ta yi zafi. A tsaye injin ba ya ɗaukar kaya, ɗuminsa a hankali yake zuwa, sai a tsawaita lokacin da ɓarnar ke faruwa, a kuma ƙona fetur a banza. A tayar, a jira fitilar mai ta mutu, a ba shi rabin minti zuwa minti ɗaya, sa'an nan a kama hanya a hankali. Mintuna goman farko ban da gudu, ban da jan kaya mai nauyi da ƙarfi a hawa. Sannu ba ta hana zuwa.

Masu Bajaj da Jincheng, ku abin ya fi shafa, domin man da ke cikin injin babur bai wuce lita ɗaya ba, ƙazanta kaɗan ta isa ta ɓata shi. A ja cok idan ya ƙi tashi, a mai da shi da zarar injin ya tsaya da ƙafarsa. Minti ɗaya ko biyu ya isa. Ɗabi'ar nan ta matasa ta murza totur har unguwa ta farka, ba ɗumama inji ba ne. Kuma muna roƙonku, a tura babur waje kafin a tayar. Hayaƙin inji yana ɗauke da wata iska mai guba marar wari marar launi, kuma a zaure ko ɗaki da aka rufe don sanyi tana iya kashe mutum. Haka janareta.

A haɗa aike wuri ɗaya. Idan za a kai niƙa, a ɗauko taki, a gai da marar lafiya, a yi su a fita ɗaya tun injin da ɗuminsa. Abin da ƙafa ko keke za su iya, a bar musu. Motar ikilisiya da ba ta fita sai Lahadi, a sama mata tafiyar minti ashirin zuwa talatin a kan kwalta ko da sau ɗaya a mako biyu. Ba sai an ƙirƙiro tafiya ba, a dai shirya ta faɗo kan wata bukata, kamar taron zumuntar mata a wani gari ko kai hatsi kasuwa.

Batun juye kuwa, a daina dogara ga lambar kilomita kaɗai. Littattafan da kamfanonin mota ke bayarwa suna da jadawali biyu, na aikin yau da kullum da na aiki mai tsanani. A cikin na biyun ne ake lissafa yawan gajerun tafiye-tafiye, da hanya mai ƙura, da daɗewa a tsaye inji na aiki, kuma yawanci a nan ana rage tazarar juye zuwa kusan rabi. Mu duka ukun muna da su. Saboda haka motar da ba ta tafiya sosai a yi mata juye da wata: duk wata shida, ko da lambar ba ta cika ba, tare da sabuwar matatar mai. Babur ya fi haka bukata, a bi littafinsa. A sayi mai a galan ɗinsa da hatimi, irin lambar da littafin motar ya ce. Man awo na gefen titi ba a san asalinsa ba. Kuma mai kauri ba shi ne mai kyau ba. Motar da aka ƙera don 5W-30 aka ɗura mata SAE 40, da safe ne za ta fi jin jiki, domin lambar da ke gaban W ita ke nuna yadda man ke gudu da sanyi, ƙaramar lamba ta fi sauri.

Ƙurar hunturu tana ƙara gishiri a miya. Yashi ne mai laushi, idan ya wuce matatar iska ya haɗu da mai sai ya riƙa cin zobba da silinda. A duba matatar kowane mako a wannan lokaci, kada a yi tafiya babu ita, kada kuma a huda ta wai don injin ya sha iska.

Mai kula da motar ikilisiya ya ajiye ɗan littafi a cikinta, ya riƙa rubuta ranar juye da irin man da aka sa, don direbobi suna canzawa. Kowace safiyar Asabar, kafin a tayar, ya zaro ma'aunin mai ya duba, ya kuma sunsuna. Idan yana warin fetur sosai, ko man ya haura alamarsa ba wanda ya ƙara, fetur ya shiga, a yi juye. Ya buɗe murfin da ake zuba mai ya dubi cikinsa. Idan da ɗan farin kumfa kamar kindirmo, raɓar gajeriyar tafiya ce, takan ɓace bayan tafiya mai nisa. Amma idan bai ɓace ba, kuma ruwan lagireto yana raguwa, wannan gasket ne ya ƙone, a kai wa bakanike kafin a sake ɗora mata kaya.